Kwarkwaron Yaya Buba

Duk wanda ya taɓa raka Yaya Buba kasuwa ya san ranar ba shi ba cin abincin rana a gida. Mutumin nan ba ya sayen abu sai ya kara shi a kunne. Kankana, ya ƙwanƙwasa ya saurara. Fitila, ya girgiza ya saurara. Wallahi da idona na ga ya durƙusa a kasuwar Gwarzo ya manna kunnensa a cikin wani rago, mai ragon yana tsaye riƙe da igiya, ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, "Malam, anya lafiyarsa ƙalau?"

Na ce, "Ragon ko yayan nawa?"

In ka yi masa magana sai ya ce, "Ido ai wawa ne, da fenti ake cutarsa. Ka taɓa ganin an yi wa ƙara fenti?"

Ni ne ƙaninsa Isa, shekara tara ya ba ni. Ni na yi koyarwa har na zama hedimasta, shi kuwa shekara arba'in yana gyaran keken ɗinki da injin ban ruwa a nan Kara. Kun san gidanmu, kakanninmu makiyaya ne, Innarmu har ta koma ga Allah ba ta yarda an dafa kifi a tukunyarta ba, wai ƙarni. Amma a wannan gida aka haifi Yaya Buba, wanda tun yana saurayi in ya samu sarari sai ya ɗauki gora da zare da ƙugiya ya nufi bakin ruwa. Inna takan riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Jikan masu shanu ya koma kiwon tana."

To, bayan ya tsufa ya rage aiki, sai 'yarsa Hadiza da ke aure a Lakwaja ta aiko masa da sandar fatsa ta zamani. Baƙa ce, sumul, tana zugewa kamar eriyar rediyo, ga zobba a jikinta inda zare ke bi. Sai dai babu abin nan mai hannu da ake ɗaura mata a gindi, wanda ke naɗe zare yana kuma sakinsa. 'Yan kasuwa suna da sunan da suke kiransa da Turanci, Yaya ya ce shi ba zai karya harshensa ba, sunansa kwarkwaro, irin na masaƙa. Ya kira ta a waya ya ce, "Hadiza, an sace rabin kayan a mota."

Ta ce, "Baba, ba a sace ba, da gangan na ƙi haɗawa. Na san ko na sayo sai ka kara a kunne ka ce yana tari. Ka zaɓa da kanka."

Ya ajiye wayar yana murmushi ya ce, "Yarinyar nan ta fi ku hankali duka."

Asabar ta farko muka hau mota sai birnin Kano, layin masu kayan kamun kifi. Wani ɗan kasuwa mai fara'a ya fito mana da wani kwarkwaro ruwan zinariya, yana walƙiya kamar sarƙar biki. Ya ce, "Alhaji, wannan boris goma sha biyu ne a cikinsa, 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke sa shi juyawa sumul, ga shi a rubuce a kwali."

Yaya ya ce, "Ban je ba tukuna, Malam ya isa." Ya karɓa, ya lumshe ido, ya kara a kunne yana murɗa hannun a hankali. Can ya ce, "Uku."

"Na'am?"

"Uku nake ji. Ɗaya ma ɗingishi yake yi. Sauran taran ko sun tafi ganin gida?"

Ya sa hannu a aljihu ya zaro sukundireba. Mutumin ya yi wuf ya fizge kayansa ya ce, "A'a, Malam, ba a buɗewa!"

Yaya ya ce, "Madalla. Ni kuma aljihuna ba a buɗewa."

A shago na huɗu aka samu wanda ya wuce jarrabawar kunne. Na fara hamdala. Ashe ba a zo wurin ba. Yaya ya ce saura birki, wato wannan ɗan murfin da ke sa kwarkwaro ya riƙa sakin zare kaɗan-kaɗan in babban kifi ya fizga, don kada zaren ya tsinke. Ya ɗaura abin a sandarsa, ya zura zare, kafin in ankara ya zagaya shi a ƙuguna ya ƙulle.

Ya ce, "Isa, kai ne tarwaɗa. Ruga."

Na ce, "Yaya, ni fa hedimasta ne."

Ya ce, "Ai tarwaɗa ma akwai manya. Ruga na ce!"

Jama'a, yaya za ka yi da wanda ya goya ka? Na tattare babbar riga na kama gudu tsakanin masu baro. Taku goma abin yana saki, sai ya ƙame, ya saki, ya sake ƙamewa, zaren ya ce tas! Ni kuwa na tafi da ka cikin tarin bokitan roba. Ina ɗagowa na ga wani mai a-daidaita-sahu da gemunsa, wanda na koyar a aji huɗu, ya leƙo ya ce, "Sannu Malam! Motsa jiki ake yi?"

Yaya ko kallona bai yi ba. Ya miƙa wa mai shago kayansa ya ce, "Birkin nan mai zuciya ne, bai san lallashi ba. Ka ga ko wannan da ba shi da wayon kifi ya tsere."

Sau uku muna zuwa birni muna dawowa hannu rabbana. Aka shiga wata na biyar, sanda tana jingine a ɗaki. Rannan ya shigo gida ya tarar da matarsa, Yaya Dije, ta zuge ta har ƙarshe tana kaɗo gwanda da ita. Ya dafe ƙirji ya ce, "Dije! Sandar Lakwaja!"

Ta ce, "To me? Wata biyar tana cin ɗaki ba aiki. A gidan nan ko kaza sai ta yi ƙwai."

Wannan duk mai sauƙi ne. Wanda ya fi ci masa rai shi ne Ɗan'asabe, wani ƙaton masunci daga wajen Kabo, wanda ya gaji kamun kifi kaka da kakanni. Yana kawo kifi garinmu ranar Laraba, in ya sayar ya zauna a majalisarmu ta gindin darbejiya. Da ya hango Yaya sai ya ɗaga murya. "Malam Buba, ina labarin sanda? Kada ka damu, in ba ta kama kifi ba ai ka kora shanu da ita, gado ba ya ɓata!" A fashe da dariya. Yaya ya zauna ya gyara hularsa, amma ni da na san shi ina ganin jijiyar wuyansa tana motsi.

Sai a wata na bakwai Allah ya yanke mana wahala, kuma a inda ba a zata ba. Ranar kasuwar Gwarzo muna wucewa ta wurin masu gwanjo, inda ake zube tsofaffin dutsen guga da kwaɗo da famfon keke a kan buhu, Yaya ya tsaya cak. Ya sunkuya ya zaro wani abu ruwan toka, fentinsa duk ya goge, hannunsa an ɗaure da waya. Ya hure ƙura, ya kara a kunne, ya murɗa. Ya daɗe. Na gaji na ce, "Me ka ji?"

Ya ce, "Ban ji komai ba."

"To ai shi ke nan, ajiye mu tafi."

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Kai dai an yi asarar alli. Shekara arba'in ina neman injin da ba ya surutu, yau na same shi ka ce in ajiye?"

Ya ɗaura shi a sanda, don ko'ina da ita yake yawo a jaka, ya ɗora ta a kan yatsa ɗaya. Ta tsaya daidai, ba ta rinjaya gaba ba, ba ta rinjaya baya ba. Abin da mai gwanjo ya faɗa shi ya biya, ko tayi bai yi ba. Mai gwanjon, da yake ya san halin Yaya, ya biyo mu har bakin titi yana cewa, "Malam Buba, don Allah gaya mini gaskiya, zinariya ce a ciki?"

Kwana uku yana tsakar gida ya wargaza shi a kan farantin Yaya Dije, yana wanke kowane haƙori da kananzir, yana shafa giris da tsinke. Da ya haɗa ya aiko a kira ni. Na tsaya daga zaure na ce, "Yaya, in gudu ne, na yi ritaya." Sai ya ɗaura wa bunsurun gidan. Bunsuru ya zabura ya yi waje, zare yana bin sa sululu, ba tsayawa ba fizga, har ya gaji don kansa. Yaya ya naɗo shi a hankali har gaban turmi. Ya ce, "Ka gani? Kuma shi bai faɗa cikin bokiti ba."

Asabar da hantsi na goya shi a babur muka nufi madatsar Guzuguzu. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika ya batse. Muna isa muka hango Ɗan'asabe can ciki, kwance a kan goransa, wannan babban duman da masunta ke hawa su yi iyo, yana jan raga. Ya ɗaga hannu ya yi ihu, "A'a! Yau shanun ruwa sun shiga uku!"

Yaya ya soka tana a ƙugiya, bai ko jefa ba sai iska ta taso daga gabas. Ruwa ya fara tunkuɗa. Muka ji Ɗan'asabe ya sake yin ihu, amma wannan karon ba na tsokana ba ne. Goran ya tsage yana shan ruwa, raga kuma ta naɗe masa ƙafa ɗaya, ga iska tana jan sa zuwa tsakiya. Masu kwalekwale suna can ɗaya gaɓar, ko hango mu ba sa yi. Mu biyu ne kawai a wurin, kuma a cikinmu ba wanda ya iya iyo ko a kwatami.

Ni salati kawai nake yi ina kai da kawowa. Yaya ya zaro wuƙa ya yanke ƙugiyar, ya bar dalmar da ke ba zare nauyi a bakinsa, ya ja baya ya wurga. Ta faɗi nesa da shi. Ya naɗo da sauri ya sake wurgawa, wannan karon ta wuce ta kan kafaɗar mutumin. Ya ɗaga murya, muryar da ban taɓa jin yana da ita ba, "Naɗa a wuyan goran! Kada ka naɗa a hannu, yanka ka zai yi! Rungume goran ka daina harbe-harbe!"

Ya fara murɗawa. In igiyar ruwa ta fizgi Ɗan'asabe, kwarkwaron ya saki zare kaɗan. In ta lafa, Yaya ya naɗo abin da ya samu. Taku biyu gaba, taku ɗaya baya. Sandar ta lanƙwashe kamar baka. Na ce, "Yaya, ja da ƙarfi mana, goran nutsewa yake yi!"

Ya ce, "Rufe mini baki! Zaren nan ba a yi shi don ƙato irin wannan ba. Lallaɓa shi za a yi."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san gumi ya jiƙa rigarsa, goran kuma saura wuyansa kawai ake gani, sa'ad da na shiga ruwa har ƙirji na cafko hannun Ɗan'asabe. Muka jawo shi kan yashi, ya kwanta yana amayar da ruwa. Yaya ya yanke ragar daga ƙafarsa, ya tsaya a kansa yana haki, ya dube shi daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Wata bakwai ina jira. Kamun farko, ga girma masha Allah, amma ba ya shiga tukunya. Isa, mayar da shi ruwa."

Ɗan'asabe yana tari yana dariya yana kuka, ya kama ƙafarsa ya ce, "Malam Buba, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe. Amma ranar Laraba kai za ka ba da labarin nan a majalisa, da bakinka, kuma kada ka rage nauyinka."

Ya kuwa bayar, a tsaye, har da kwaikwayon yadda yake shan ruwa. Labarin ya kai garin Jama'a, ya kai Unguwar Tudu. Ni da aka yi wa dariya a birni, sai ga shi in na shiga taro ana nuna ni ana cewa ƙanin mutumin nan ne da ya kamo masunci da fatsa. Ban taɓa jin daɗin wani laƙabi kamar wannan ba, har da hedimastan.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. A hanyarmu ta komawa gida ran nan, na ji ya damƙe kafaɗata. Na rage gudu. Muna dab da shiga gari ya ce a hankali, "Isa, 'ya'yansa takwas fa. Da zaren nan ya tsinke, da wane ido zan kalle su?"

Shekara huɗu ya ƙara a duniya, kusan kowace Asabar yana bakin ruwa, kuma ko karfasa ɗaya bai taɓa sayarwa ba. Tsofaffin matan unguwarmu sun san sallamarsa da yamma, da ƙullin kifi a leda a hannu. Jinyarsa kwana shida ce. Ranar da muka kai shi, Ɗan'asabe ya zo tun daga Kabo da manyan 'ya'yansa, ya sa kafaɗa a makara daga ƙofar gida, aka yi aka yi ya ba wani ya karɓe shi ya ƙi, har bakin kabari.

Allah ka jiƙan Yaya Buba. Ya riƙe bawanka a ranar da ba mai riƙe shi, kai ma ka riƙe shi da rahamarka, kada ka sake shi. Ka yalwata masa makwanci, ka ba Dije da Hadiza haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.