Furen da Aka Naɗe Tsire da Shi

Koren na fara gani. Yayana ya dawo daga kasuwar Shinkafi ran Alhamis da la'asar, ya aje ƙunshin tsire a kan tabarma, ya ce in kira Inna. Na duƙa zan kwance, sai idona ya sauka kan launin takardar, mai ya jiƙa shi har ya yi duhu. Na san koren nan, ni na zaɓe shi. Na warware takardar. Furena ne.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ina koyon zane a wani ɗan shagon buga takardu a Ƙaura. Na gama sakandare, hannuna na da kyau, kuma mai shagon aminin Baba ne, shi ya sa aka bar ni. Aiki ya yi yawa a lokacin, kowace Islamiyya na son kalanda, kowane masallaci na son allon sanarwa. Samarin da ke zuwa koyon aiki daga makarantar fasaha suna gasa da juna, ni ma na shiga. Da wata Islamiyya ta Zurmi ta nemi kalanda, sai na ɗauki Bisimilla, na yi ta lanƙwasa haruffanta da fensir da kamfas har ta zama fure mai ganye. Mai shago ya ɗaga ta sama ya ce wa samarin, "To, ga ɗiya mace ta kada ku." Don daɗi na roƙa a sa sunana ƙarami a gindi.

Buhu biyu ne a shagon. Takardar da ta lalace wajen bugu, in da sunan Allah a jikinta, buhun farko take shiga, a ƙone, a binne tokar. Sauran a sayar wa masu tsire da masu ƙosai. Wani dattijo, maigadin shagon, shi ke rarrabewa, kuma ba ya kuskure, don ya yi karatun allo. Amma rubutun allo ya sani. Ya duba tawa, ya ga fure.

Na nuna wa Yaya da yatsa inda rubutun ya fara. Ya bi a hankali, fuskarsa ta sauya.

"Inna lillahi! Ke, rumfar mai tsiren nan cike take da irinta. Har ƙasa na ga ana takawa."

Ashe wani malamin makaranta ya riga ya gane a can kasuwa. Maganar ta biyo 'yan kasuwa a kan babura, kafin ta iso unguwarmu ta zama wata aba: wai wata 'yar boko ta ɓoye sunan Allah cikin fure da gangan, don a wulaƙanta shi. Maƙwabciyarmu ta shigo aron taɓarya, ta tsaya tana kallona, ta fita ba ta ɗauka ba. Inna ta tura ni ɗakin da muke aje gero, ta ja ƙyaure.

Ba kotu na fi tsoro ba. Washegari Juma'a ce, kuma na san yadda samari ke fitowa daga masallaci in an zuga su. Sunana na jikin kowace takarda.

Baba malami ne, a zaure yake karantarwa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ɗiyata, da kinka zana wanga abu, mi kike nuhi?"

"Baba, so na yi a ce ya yi kyau."

Ya juya ya tafi.

Da sassafe shi da Yaya da mai shago suka hau babura sai Shinkafi. Daga baya Yaya ya ba ni labari, wai rumfa-rumfa suka bi, Baba da rawaninsa yana duƙawa yana tsintar takardu cikin mai da yaji da ƙasa, yana share kowace da hannun rigarsa. Ni kuwa ina zaune tsakanin buhunan gero. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida, sai in tsaya cak in kasa kunne. Har yau haka nake, in babur ya tsaya ba a yi sallama da wuri ba.

Na ji an kira salla. Na ji unguwa ta yi tsit. Sai kuma ƙafafun mutane suna dawowa, da yawa, ta gindin katangarmu. Na toshe bakina da mayafi. Suka wuce.

Baba ne ya buɗe ƙyauren da kansa, rigarsa duk tabon mai.

"Hito. Na kai wa liman. Ya juya takardar sama da ƙasa, shi ma hure yag gani, sai da na aza mishi yatsa. Ya gaya wa jama'a babu ganganci ciki, a gabansu anka ƙone, anka binne. Ya dai ce in hwaɗa miki, sunan Allah a rubuta shi yadda tsoho zai gane." Ya miƙo mini hannu. "Babu mai taɓa ki."

Na riƙe hannunsa, amma ban tashi ba. Sai Baba ya tattara rigarsa ya zauna a kan buhu kusa da ni, ya ce wa Inna ta kawo ruwa.