Ramar Habou a Hawa na Shida

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Habou ya tafi ya bar ni ba wanda zan zaga. Ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma duk wanda ya tashi a Maradi ya san abin da hakan ke nufi. Ina da izinin in kira shi ɓarawo a gaban surukansa, shi kuwa aikinsa ya yi dariya ya miƙo mini goro. Na tambayi malamai biyu ko mutuwa tana soke wannan izini. Ɗaya ya ce bai taɓa ganin mas'alar ba, ɗayan ya ce in bar shi ya ci abincinsa. To mai karatu, in ka ji ina taɓa mamaci, kada ka wahalar da kanka rubuto wa jarida ƙorafi.

Ni aji huɗu na yi a lakwal aka gode mini, na ƙare ƙarfina wajen wanke tukwane a gidajen abinci na Belleville, nan Paris. Habou kuwa ya yi karatu har karatu ya gaji da shi. Ya zo Lyon yana ɗalibi, ya samu aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Villeurbanne. Da na je ganin wannan babban aiki, sai na tarar shi ma wanki yake yi, sai dai nasa kwalabe ne, kuma da farar riga. Duk da haka mutanenmu na Lyon sun riƙe shi da girma. In aure ya tashi shi ke ɗaurawa, in an yi haihuwa shi ke raɗa suna.

Abin da ya kayar da shi kwaɗon rama ne. Matarsa Hajiya Zouera ta dame shi da kewar ramar gida, sai ya taho da iri daga ƙauye ya shuka a tsofaffin bokitan fenti guda biyar, ya jera su a balkonsa, wato barandarsa, ta hawa na shida a Vaulx-en-Velin. Lokacin zafi ya zo, rama ta ji daɗi ta kai ƙirjin mutum. Irin mai tsagaggen ganyen nan ce, kamar an ware yatsun hannu. Mu da muka tashi muna cin ta, bai taɓa faɗo mana a rai ba cewa tana kama da ganyen wiwi. Wata maƙwabciyarsu kuwa da gani ɗaya ta ɗauki waya.

Da safe polis huɗu suka hau. Habou ya tsaya yana yi musu bayani da faransancin manyan malamai, har da sunan tsiron na cikin littafi. Suka saurara da ladabi, suka tasa shi gaba da shi da bokitansa. Hajiya Zouera ta biyo su har matakala tana cewa, “Ku bar mini ko ɗaya mana, na riga na daka ƙuli!” Kwana ɗaya ya yi a hannunsu. Aka gwada ganyen, aka ga abin miya ne, aka ba shi haƙuri aka sallame shi.

Turawa sun sake shi a kwana ɗaya, mu kuwa muka riƙe shi shekara bakwai, kuma da hannuna a ciki. Juma'ar da ta biyo baya na hau jirgin ƙasa na je yi masa jaje. Bayan an sallame salla, jama'a cike da ɗakin da mutanenmu suka mayar masallaci, na hango shi, bakina ya yi ƙaiƙayi. Na ɗaga murya na ce, “Ku ba Sarkin Noman Lyon hanya! Ai ni na daɗe ina jin warin abin nan a rigarsa, kunya ta hana ni faɗa!” Habou ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Bawa ya ga ubangidansa ya fito, baƙin ciki zai kashe shi.” A Maradi da nan magana ta ƙare. Amma rabin ɗakin 'ya'yan da aka haifa a nan ne, ba su san taubasantaka ba, sun ga dattijo ya tashi a masallaci ya ba da shaida. Kafin mako ya zagayo, maganar ta koma “har ɗan'uwansa na jini ya tabbatar.”

Sau biyu ina komawa Lyon takanas wajen Alhaji Mamane, babban dattijonmu na can, wanda in ya ce a je ake zuwa. Na ce masa, “Alhaji, kai fa ɗan Tibiri ne, maƙwabcin Maradi, ka san wasan taubasai.” Ya gyara zama ya ce, “Malam Illa, ni ban ce ya sha ba. Amma polis ba su hawa bene shida a banza.” Daga ranar ba a sake kiran Habou ɗaurin aure ko suna ba. Ana gaishe shi, ana amsa masa, sai dai in ya juya baya a ce “mai bokitai.”

Matasan yanzu ba za su gane nauyin abin ba. A zamanin, kalmar wiwi ƙasa-ƙasa ake faɗin ta, kamar sunan mugun ciwo. In ɗan wani ya faɗa ciki, ba a kai shi likita, don kada a ji. Sai a ce masa kakarsa tana son ganinsa, a sa shi jirgi, yana sauka a karɓe fasfonsa. Uwarsa ta zauna nan tana ce wa mutane ya tafi karatu.

Da Habou mai wayo ne, da ya ɗauki Alƙur'ani ya rantse, ya tsine wa 'yan wiwi fiye da kowa, a bar shi ya huta. Amma kun san 'ya'yan kawuna da taurin kai. Sai ya kama ba da labarin waɗanda ya tarar a tsare a ranar, musamman wani mai koyon gyaran lantarki da aka kama da guntun wiwin da bai kai ɓarin goro ba, yana kuka don ya san aikinsa ya tafi. Habou yana cewa, “Ni an ba ni haƙuri na fito. Shi wa zai ba shi?” Bai taɓa cewa abin halal ne ba, ko sigari bai taɓa sa wa bakinsa ba. Cewa yake kaso ba ya warkar da kowa, jefa mutum ƙauye ba takardu ma ba ya warkarwa. A zauna da shi, a raka shi wajen likita, a bar shi ya ci gaba da karatunsa ko aikinsa, uwarsa ta daina ƙarya. In ya ji gidan da abin ya faɗa, sai ya hau bas ya je ba a gayyace shi ba. Wasu su buɗe masa, wasu su ce maigidan ba ya nan, ga takalminsa a ƙofa. Jama'a suka ce, to kun gani, yana kare sana'arsa.

Da wannan suna ciwon zuciya ya ɗauke shi. Na same shi a asibiti saura kwana uku ya cika, na ce ya yafe mini. Ya ce, “Illa, na yafe tun a ɗakin. Amma ka sani bakinka ya fi polis huɗu aiki.”

To Habou, da za a ba ka aron yini ɗaya, da na riƙe hannunka mun sauko titin Belleville a ƙasa. Ganyen nan da kamanninsa kawai ya kwanar da kai a hannun hukuma, yau ga shi an zana shi ƙato a ƙofar kantuna, an kunna masa koriyar fitila. Tsofaffin turawa mata suna shiga da kwandon cefanensu, su fito da mansa da ganyen shayinsa, wai an cire masa abin da ke bugarwa. Jamus da ke maƙwabtaka ta sassauta wa manya. A nan ba a halatta ba, har gobe polis na cin mutane tara, amma likitoci suna gwada shi ga wasu marasa lafiya, kuma maganar da ka yi a ɗakin salla aka juya maka baya, yanzu masu kwat ke yin ta a tele ana tafa musu. Ni ba duka nake ganewa ba, kuma ba na kiran kowa ya sha. Na ga waɗanda abin ya mayar kamar tsumma, kuma masu sayarwa a bakin matakala har yau sun hana mata sakat a unguwanninmu. Abin da na gane shi ne mutane sun fara raba mai ciwo da mai cuta, kuma kai ka riga su.

Bara Alhaji Mamane ya zo Paris ya sauka wajena. Zai yi alwala ya tuɓe riga, sai wata 'yar kwalba ta gangaro daga aljihunsa har gaban ƙafata, da hoton ganyen a jikinta. Ya ce da sauri, “Na gwiwa ne! Ɗiyata ta sayo, shafawa ake yi.” Na ɗauka, na share mata ƙura, na miƙa masa hannu biyu. Na ce, “Alhaji, ni ban ce ka sha ba.” Shekara goma sha bakwai ina ajiye da wannan magana.

Ban san a lokacin yana ɗauke da abin da ya fi gwiwa ciwo ba. Jikansa Nassirou, wanda ke shekarar ƙarshe a makarantar injiniyoyi, ya nutse cikin shan abin har ya daina shiga aji. Uban ya riga ya fara maganar kaka tana son ganinsa. Matan gidan ne suka tsaya, suka ce a'a, a yi masa irin ta Habou. Aka kira Hajiya Zouera, wadda ta san likitan da mijinta ya saba raka mutane wajensa. Nassirou yana nan Lyon, yana ganin likita, ya koma aji. Ban ce ya warke sarai ba, amma uwarsa ta san inda yake kwana, kuma in an tambaye ta gaskiya take faɗa.

Makon jiya muka taru a Vaulx-en-Velin don yi wa Habou addu'a. An gama, ana shirin tashi, Alhaji Mamane ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce kowa ya zauna. Ya ce, “Jama'a, mutumin nan bai taɓa shan komai ba. Na sani tun ranar farko, na yi shiru don na ji tsoron bakin mutane. Hajiya, ki yafe mini, ku kuma ku shaida.” Hajiya Zouera ta ja gyale ta rufe fuska. Ni dai na yi kabbara da ƙarfin da likita ya hana ni.

Habou bai bar gida ba, bai bar littafi ba, littattafan da ya karanta ma an raba wa ɗalibai. Abin da ya rage nasa kalma uku ne da ke yawo daga Lyon har Paris a bakin iyaye mata, ranar da ɗansu ya shigo da jajayen idanu suka rasa inda za su dafa. Muna fita daga addu'ar wata matashiya mai goyo, wadda ba ta taɓa ganinsa ba, ta tare ni. Ta ce, “Baba, ina ta jin ana cewa irin ta Habou. Shi Habou ɗin likita ne ko malami?”

Na ce, “Ɗiyata, baƙauye ne mai taurin kai, ko shayi bai iya dafawa ba. Amma ki riƙe sunan da kyau, kuma in za ki faɗe shi ki ɗaga murya.”

Allah ya yalwata maka makwanci, ɗan kawu. Ka ci shari'arka, kuma a jarida nake faɗa.