Ranar da Aka Taka Mini Baya

Akwai ranar da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ranar da ƙafata ta hagu ta daina jin maganata. Shekaru sun shuɗe, amma har yau ina tuna ta kamar jiya.

Ni manomin rake ne a wajen Gazara. Lokacin sara ne, muna lodi a mota za a kai kasuwar Makarfi. Na sunkuya na cicciɓi dami, ƙafata ta zame a kan ganyen rake, sai na ji wani abu ya tsarga mini daga ƙugu har cinya. Na kasa miƙewa. A babur aka kai ni gida, ina duƙe kamar tsoho.

Mu a wajenmu in baya ya riƙe ba a dogon tunani. A kwantar da kai rub da ciki, a shafa man kaɗanya, wani ya hau ya tattaka. Mun yarda cewa sai ƙashi ya ce ƙas sannan ya koma mazauninsa, ihu kuwa ciwon ne ke fita. Yayana ne gwanin wannan aiki a gidanmu, ƙaton mutum, in ya zauna a benci sai na ɗaya gefen ya yi hattara. Yana ƙaunata, wannan ba na shakka.

Ya dafa bangon zaure ya hau. Takun farko na san akwai matsala.

"Yaya, sauka! Wannan ba irin na kullum ba ne!"

"Ji rago," in ji shi. "Ku riƙe mini shi, yanzu zai gode mini."

Maƙwabta biyu suka danne mini hannuwa suna dariya. Ina salati, ina roƙonsu da girman Allah, su kuwa sai "yi haƙuri, yana fita" suke cewa. Ya kafa dunduniya a ƙuguna ya saki nauyinsa gaba ɗaya. Nan take ciwon ya ɗauke ɗif.

"Ka gani ko?" in ji Yaya yana share gumi. "Tashi ka taka."

Na yunƙura. Ƙafar dama ta zo, ta hagu tana nan yashe kamar ta wani. Aka kira matata, ta durƙusa ta mintsine ni a sha-raɓa. Ina kallon farcenta yana nutsewa cikin fatata, ban ji komai ba. Ashe ciwon bai tafi ba, ƙafar ce ta tafi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Abin da ya faɗo mini shi ne wani mutumin garinmu da ya shekara da shekaru a kwance, sai an ɗauke shi a kai shi bayan gida. Na ce shi ke nan, ni ma na bi sahunsa, ga 'ya'yana duk ƙanana.

Aka kai ni asibiti a Zariya aka yi hoto. Likita ya ce ƙashi bai karye ba, amma abin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya goce ya danne jijiya. Na tambaye shi ko zan sake tafiya, sai ya ce, "Za mu gwada." Wannan amsar ta fi allura zafi. Bayan na kwanta na sha magani, aka tura ni sashen gashin ƙashi a yi mini tausa.

Mai aikin wani mutumin kudancin Kaduna ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Yana cewa in kwanta rub da ciki na noƙe.

"Wallahi ba mai sake taɓa mini baya," na ce.

"Malam, ba hawa zan yi ba, hannu ne kawai. Ƙashin ma ba zan taɓa ba, naman gefe zan sassauta. In ka ce tsaya, na tsaya."

Ban yarda da shi ba, an riga an ci amanata a kwance. Yatsunsa na sauka na ƙwala, "Tsaya!" Ban ji zafin komai ba, tsoro ne zalla. Sai mutumin nan ya ɗage hannuwansa ya ja da baya, ya tsaya yana jirana. Bai yi dariya ba, bai ce mini rago ba. Na kifa fuska a katifa na yi kuka, ni da furfura ta fara fito mini. Da kaina daga baya na ce ya ci gaba.

Haka muka yi ta yi, ya gasa mini da tawul mai ɗumi, ya murza a hankali, ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe ta. Kullum in ya gama sai ya ce in motsa babban yatsa, kullum yatsan ya yi biris da mu. Makonni suka wuce. Yaya ne ke kawo ni, amma a waje yake zama, ya kasa haɗa ido da ni. Ni ma, gaskiya, ban nemi idonsa ba.

Wata safiya na zuba wa yatsan ido kamar yadda na saba, sai ya ɗan girgiza. Na ɗauka idona ne.

"Sake," in ji mai tausa.

Ya sake motsawa. Mai tausa ya leƙa waje ya kira Yaya. Ƙaton nan ya shigo ya ga yatsan, ya zube a ƙasa, ba abin da yake iya faɗa sai "Alhamdulillahi, ɗan'uwana, ka yafe mini." Na yafe masa a wurin.

Yau ina tafiya da ƙafata har gona, sai dai ina ɗan janta in na gaji, dami kuwa na bar wa masu baya. Abin da na koya shi ne, mai ciwo ya fi kowa sanin jikinsa, komai ƙaunar da kake yi masa. In ya ce maka tsaya, to ka tsaya.