Kafin a Buɗe Fuskar Amarya

A layinmu na Ahmedabad, a Indiya, har mai wanki yana da hannun jari, amma Kusum-ben ba ta taɓa na kowa sai na kamfanonin magani. Mijinta Dhiraj-bhai ne ya koya mata, shi da ya shekara talatin a kantin magani. Duk wata uku kamfani kan fitar da rahoton cinikinsa, kuma dokar Dhiraj-bhai ɗaya ce: a saya ana saura mako uku, a sayar ana gobe rahoto.

"Rahoto amarya ce cikin lulluɓi," in ji shi. "Ci abincin biki ka tashi kafin a buɗe fuska."

Daga baya ciwon mantuwa ya kama shi. Sunan unguwa ya fara ɓace masa, sai na 'ya'ya, sai nata. Ya koma ce mata "ben" kawai, yadda ake kiran kowace baƙuwa. Kullum da hantsi nakan same su kan lilon falo, ita tana duba farashi a waya, shi yana kallon tattabaru, shayi yana hucewa. Tausayinsu kan hana ni zama.

Bara ta sayi jarin wani kamfani da ke gwajin maganin mantuwa, kuma a rahoto mai zuwa ne za a faɗi sakamako. Farashi ya yi ta hawa. Ana gobe rahoto na leƙa gidansu, ni da ba a rasa ni a sha'anin mutane.

"Kusum-ben, sayar mana! Ko amaryar kike jira?"

"Ke dai sha shayinki," ta ce. "In na sayar, ai na ce ba zai warke ba ke nan."

Ta ba ni labarin mafarkin da take yi ido biyu: an kawo ƙwayar a 'yar kwalba, ya haɗiya, ya dube ta ya yi mata tsiyar gishirin da ta cika a miya.

Washegari rahoto ya fito, an dakatar da gwajin. Kafin azahar farashin ya zube. Tana karanta mini a hankali, lilo yana kai su yana dawo da su, sai Dhiraj-bhai ya juyo.

"Kusum, kin sayar jiya ko?"

Shekara biyu rabonta da jin sunan nan a bakinsa.

"Ban sayar ba."

"Haba Kusum! Sau nawa zan gaya miki? Kunnen ƙashi gare ki."

Ya yi ta faɗa, ita kuwa tana dariya, hawaye na zuba. Can ya koma kan tattabarunsa. Da ta miƙa masa shayi ya karɓa da ladabi.

"Na gode, ben. Matar gidan ba ta nan ne?"