Wayar Da Ta Rasa Wurin Juyawa

Mai ɗakina ta rasu bayan girbin gero. Ba ta iya rubutu ba, don haka da murya take turo mini saƙo a waya: in sayo manja, in sha maganin hawan jini, kada in biyo hanyar Safana bayan la'asar. Ban taɓa goge ko ɗaya ba.

Da aka gama zaman makoki sai saƙonnin ta'aziyya suka yi ta shigowa, daga Yasore, daga Darini, daga Katsina, kowanne da doguwar gaisuwa. Na tsara yadda zan amsa: malamai da farko, sai dattawa, sai sa'o'ina, sannan yara. Na ce ba zan goge gaisuwar mutum ban amsa masa ba. Sau uku wayar ta gargaɗe ni cewa ta cika. Ina kan amsa wa dattawa wayar ta mutu. Ta kunnu, ta mutu, ta sake kunnuwa.

Ranar kasuwar Batsari na kai ta wurin mai gyara, wani magidanci da ya karanci kwamfuta.

Na ce, "Kwashe na ta'aziyyar, ka bar mini na marigayiya."

Ya jima yana dannawa. Ya ce, "Baba, ba ta tsayawa balle in shiga. Idan wuri ya ƙare mata, ita da kanta take neman abin da za ta kwashe. To kwashewar ma sai da wuri, inda za ta ɗan ajiye abu kafin ta fitar. Akwai ɗan filin da take ɓoyewa don irin wannan rana. Har shi an cinye. Tana neman wuri don ta samar da wuri."

"Wa ya cinye?"

"Masu gaisuwa, Baba. Mutanenka akwai dogon salati."

Ya yi dariya, ya dubi fuskata, ya daina.

Ya ce hanya ɗaya ya sani: a wanke ta gaba ɗaya, ta tashi kamar sabuwa, babu komai ciki. Na tambaye shi ko muryar tana nan yanzu. Ya ce tana nan, ƙofa ce babu.

Na karɓi abata ban yarda an wanke ba. Na sayi ƙaramar waya don kira. Waccan tana cikin akwati, kuma duk Juma'a nakan yi mata caji. Kwanan baya na zauna in tuno yadda marigayiya take kiran sunana in ta ji haushi. Kalmomin sun zo. Muryar ba ta zo ba.