Jinyar Karamel a Hawa na Sha Ɗaya

Malam Ilya ɗan mahauta ne daga Tahoua. Ya zo Faransa karatu shekara ashirin da suka wuce, ya gama, ya samu aikin awon ruwan sha a Lyon, ya zauna da iyalinsa a hawa na sha ɗaya a unguwar Minguettes. A duk tsawon zaman nan ra'ayinsa kan dabba bai motsa ba: ko a ci ta, ko a hau ta, ko a kore ta. In ya ga Bature ya sa wa kare riga, sai ya tsaya ya bi su da kallo yana neman tsari.

Sai Allah ya ba shi 'ya, Ruwaida, ita kuma ta kawo ɓeran Masar gida ta sa masa suna Karamel. Shekara huɗu Ilya bai taɓa furta sunan ba. “Wannan abin” yake cewa.

Ana saura kwana biyu Ruwaida ta tafi Paris koyon aiki, aka ga ƙari a haƙarƙarin wannan abin. Likitar dabbobi ta yi masa aiki, ta cire, ta ɗinke. Yarinya ta ce ta fasa tafiya. Ilya, da ya san wahalar da aka sha kafin a samo mata wurin, ya dafa ƙirji ya ce ta tafi, amana ce ya karɓa. Shamsiya, matarsa, ta ce har yau ba ta san wanda ya aike shi ba.

Likita ta yi wa Ilya bayani dalla-dalla. A ɗura wa ɓeran abinci da sirinji duk bayan awa huɗu, a ajiye shi inda babu hayaniya, kuma lallai ya koma ci da kansa, don wannan dabba in ta daina ci hanjinta tsayawa yake, daga nan sai labari.

Ilya ya ɗauki hutu a wurin aiki. Mutumin da zazzaɓi bai taɓa hana shi fita ba. Ya ɗauke kejin daga kusa da kicin ya kai ɗakin Ruwaida, ya ja labule, ya hana talabijin, ya hana daka. Shamsiya ta koma buɗe firigo, wato firij, a hankali kamar mai sata a gidanta. Shi kuwa Karamel ya juya wa duniya baya. Na sirinji yana shiga da kokawa, amma ciyawa ko shinshinawa ba ya yi.

Kullum da la'asar Ruwaida na kira.

“Papa, ya jikin nashi?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

Ba ƙarya Ilya ya yi niyya ba. A Tahoua ko an fara tofa wa mutum Yasin, da sauƙi ake cewa. Da mataimakiyar likita ta kira rana ta biyu, ita ma haka ya gaya mata da faransanci mai kyau, ta yi murna ta ce to ba sai an dawo da shi ba.

“Malam,” in ji Shamsiya, “Nasara ka gaya wa da sauƙi? Ai ita ta yarda!”

Ranar Juma'a Ruwaida ta gaji. “Papa, ya ci ko bai ci ba? Oui ou non?”

“Ana dai lallaɓawa.”

“Gobe da yamma in kira da bidiyo. In ban gan shi yana ci ba, jirgi zan shigo, aikin ya tafi.”

Asabar da hantsi Ilya na durƙushe gaban keji, tawul a kafaɗa, yana roƙon ɓera da muryar da bai taɓa roƙon shugabansa da ita ba, sai aka danna ƙararrawa. Salmanu ne, abokinsa mutumin Damagaram, wanda ya ga kwana uku Ilya bai zo fadar shayi ba, ya bincika, ya ji dalili, ya kusa shiɗewa don daɗi. Ya sha babbar riga, ya jawo abokinsu Rachidou da wasu mutum biyu, matarsa Hajiya Aïcha na biye. Dubiya suka zo, cikakkiya.

“Malam Ilya, ya mai jiki?”

“Salmanu, don Allah a hankali.”

“An samu barci kuwa? Allah ya sa kaffara ne. Ina ma mahaifinka na kusa, da ya kawo wuƙa an huta.”

“Likita ta ce ba a son hayaniya.”

“Ai ba mu daɗewa. A dai nuna mana shi mu yi mishi addu'a.”

Suka cika ɗakin Ruwaida, suka tanƙwashe ƙafa a ƙasa, fuska a murtuke, kafaɗu na rawa. Hajiya Aïcha kuwa ta ce ko da wasa aka zo, ita ba a haife ta ta je dubiya hannu sake ba. Ta biya kasuwa, ta tambayi mai kayan miya abin da irin wannan marar lafiya ke so. Ta jawo leda daga jaka tana warwarewa, ƙayas-ƙayas.

Daga cikin keji aka ji wani siririn fito. Ta sake motsa ledar. Karamel ya juyo, ya jawo jiki da ɗinkinsa da komai, ya ɗora hannu a kan wayar kejin yana ihu.

Shamsiya daga bakin ƙofa ta tafa hannu. “Shekara huɗu yana kusa da kicin! Shi ƙarar leda ce kiran cin abincinsa. Kai kuma ka zo ka mai da gida maƙabarta.”

Ilya ya juya wurin ledar Hajiya Aïcha. Ya karɓi ganyen salati, ya miƙa. Karamel ya fizga ya hau ci. Manyan maza biyar suka zuba ido suna kallon ɓera na tauna, Rachidou har da kabbara.

Ilya bai jira yamma ba, ya danna bidiyo. Ruwaida ta ga Karamel da ganye a baki, ta ga kawunnanta jere cikin manyan riguna, ta tambaya ko rasuwa aka yi.

“Dubiya ce,” in ji Ilya. “Karamel ya ci. Ki yi zamanki.”

“Papa, mi ka ce? Wa ya ci?”

Ya ce layin ba kyau, ya kashe.

Ta ƙare aikinta a Paris lafiya. Ilya har yau yana nan kan ra'ayinsa na dabba, ya ce bai canza ko kaɗan ba. Sai dai duk Asabar yana barin fada da wuri, da leda a aljihu, kuma in Salmanu ya ce a gai da mai jiki, yakan amsa “zai ji” kafin ya tuna.