Man Shanu a Takalman Baba

Har yau in na ji warin man shanun da ya kwana biyu a ƙwarya, sai gabana ya faɗi. Kai mai karatu za ka ce ai man tuwo ne kawai. Ni kuwa kunnen yayana yake tuna mini.

A garinmu, cikin ƙasar Kurfai, rijiya zurfi gare ta, gugan kuma na fata ne. In bazara ta yi tsanani fatar takan bushe ta tsage, sai Kaka, mahaifiyar Baba, ta zauna a gindin aduwa ta shafe gugan da man shanu har ya yi laushi. Ina 'yar shekara bakwai, iyakar ilimina ke nan: fata in ta ji ƙishi, mai ake ba ta.

A bazarar nan Baba ya dawo daga cin rani a Kurmi, kamar yadda mazan garin ke dawowa kafin ruwan shuka. Bai kawo abin kirki ba sai takalma sau-ciki, fatarsu fara-fara, launin surfaffen gero. Ba ya taka ƙasar garinmu da su. A jaka yake ɗaukar su ranar kasuwar Filinge, sai ya kai bakin gari ya sa. Mutum ne mai zafin zuciya, ya yi wata bakwai yana dako a ƙasar wasu, takalman nan kaɗai ne shaidar ya je ya dawo.

Wata hantsi na shiga yi masa shara, na gan su sun yi ƙura, sun bushe. Wallahi tausayinsu na ji. Na ɗebo man Kaka cike da hannu, na shafe su tas, na ajiye a rana. Da na dawo sun yi baƙi, dabbare-dabbare, kamar gindin tukunya. Na mayar da su inda suke, na gudu bayan rumbu na laɓe.

Da azahar na ji muryar Baba: "Wa yat taɓa mani takalma?"

Daidai nan yayana, ɗan shekara goma sha biyu, ya shigo daga rijiya da guga a kafaɗa, hannuwansa duk warin mai. Dama an taɓa kama shi yana gwada takalman. Baba bai tambaye shi komai ba. Ya shaƙe masa wuya, ya maka shi da jikin rumbun da nake ɓoye, ya kama takalmi ɗaya ta baki yana narka masa dugadugin, mai tauri kamar katako. Inna ta shiga tsakani, ya hankaɗe ta, ta faɗa kan turmi. Bugun da ya sauka a kunnen hagu ƙararsa daban ce, har yau ina jin ta. Da na leƙo, jini yana bin wuyansa har cikin riga. Bai ce ba shi ba ne. Ni kuwa na cusa bakin zanena a baki, na yi shiru, don tsoro ya fi ƙarfina.

Kaka ce ta raba, da igiyar gugan. Ta zabga wa Baba sau uku a gadon baya, gaban matarsa da 'ya'yansa.

"Don hwatar akuya za ka kashe mani jika? Ƙara taɓa shi ka gani, in ban ɗebe maka albarka ba."

Ita ce kuma ta gyara takalman. Ta tankaɗe toka mai sanyi, ta gauraya da dusa, ta binne su a kwatarniya, ta kai rana. Kowace safiya ta tono su, ta kakkaɓe, ta zubar da tokar da ta sha mai, ta zuba sabuwa. Kwana shida tana yi. Ba su koma fari kamar da ba, sun tsaya ruwan zuma, har 'yan kasuwa na ce wa Baba sun fi kyau haka. Kunnen kuwa babu tokar da za ta tsotse masa ciwo. Lokotoro, wato likita, a Filinge ya leƙa, ya ce ya fashe. Shekara ba ta zago ba yayana ya bar lakwal, makarantar boko, don ya gaji da cin bulala kan abin da bai ji ba.

Yanzu Kaka da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Gugan garin ya koma na roba, takalman 'ya'yana ma na roba ne, ruwa kawai suke so. Ni kuma shekara da shekaru, duk ziyarar da na kai wa yayana, ta hagunsa nake zama, in ce a hankali, "Ni ce na shafa," ina sane ba zai ji ba. In tashi kamar na sauke nauyi.

Bara, lokacin kaka, muna zaune a zaurensa, na sake yi. Ya dube ni ya ce, "Ke, zagayo nan. Kin daɗe kina magana da kunnen da ba shi gida."

Na zagaya, na faɗa.

"Na sani," in ji shi. "Na gan ki sadda kinka aje su rana, zan tahi rijiya. Ke da kike awa tsinke, da ke yak kama, kai zai hwasa miki. Ni kunne ɗai yac ci."

Ya turo mini ƙwaryar fura, ya karkato kunnen dama kamar yadda yake yi wa kowa, yana jiran abin da zan ce. Na ɗauki ƙwaryar, na sha.